Ranar da Karsana Ta Cinye Mini Hula

Mai askina na Dutsin-Ma ne ya fara gaya mini, kuma har yau ban yafe masa yadda ya faɗa ba. Ina zaune a kujerarsa, ya ɗaura mini ƙyalle a wuya, ya ɗauko reza zai gyara mini goshi, sai ya tsaya yana leƙe-leƙe kamar wanda allura ta ɓace masa. Ya ce, "Malam, ina za ni yanke maka? Inda gashin yake bara, ko inda ya koma?" Shagon cike yake da samari. Kowa ya sunkuya kan wayarsa, amma ta madubi ina ganin kafaɗunsu suna rawa.

Lokacin ban fi shekara ashirin da 'yan kai ba, ina karatu a garin, ko gemun kirki ban tara ba. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Gashin da nake roƙo ya fito a haɓa ya ƙi zuwa, wanda nake da shi a ka kuma ya fara tattara kayansa. Ta gefe biyu na goshi ya soma ja da baya, ya bar mini ɗan tsibiri a tsakiya, shi ma ba wani ƙarfi gare shi ba.

Babu abin da ban shafa ba. Na goga albasa har abokan ɗakina suka ce in dai zan ci gaba, to a sayo nama a huta. Na shafa man shanu, tururuwa suka yi mini rakiya har kan filo. Mai askin nan, don ya wanke laifinsa, ya fesa mini wani baƙin abu da ya mayar mini da goshin inda yake, na fita ina taƙama, zufar azahar ta sauko da shi har kan hancina. A masallaci wani abokina ya ce tunda wanke fuska daga matsirar gashi yake farawa, nan gaba kaɗan buta ɗaya ba za ta ishe ni alwala ba. Na yi dariya tare da su, na koma ɗaki na daɗe a gaban madubi. Tsoro nake ji na gaske, tsoron in tsufa tun ban yi samartakar ba.

Daga nan na koma ɗan hula. Ko shago zan je sayen sukari, da hulata. A ɗaki ma ba na cirewa sai zan kwanta. Mutane suka fara ce mini Ustaz, tsofaffi suna yaba natsuwata. A Dutsin-Ma hula ta rufa mini asiri, haka ma a gidanmu na Kurfi, inda babana yake da suma cunkus har da furfurarta, abin haushi. Wuri ɗaya ne hula ba ta da amfani: ɗakin kakata a Barkiya.

Ita ce ta haifi babana. Yanar ido ta makantar da ita tun ina firamare, don haka da hannu take gane jikokinta. Ka shiga, ka durƙusa, ka cire hula, ka miƙa mata kai. Ta shafa, ta faɗi ko kai wane ne, ta ɗora maka zagin da ya dace da kai. Muryarmu takan rikita ta, don mu da yawa ne kuma duk maganarmu iri ɗaya, amma kai bai taɓa rikita ta ba. Ni sunan mijinta aka sa mini, wanda ya rasu tun kafin a haife ni, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Maigida take ce mini. Takan cusa yatsunta cikin gashina ta ce, "Ga mijina mai suma, wanda bai taɓa kawo cefane ba." Ni kuma in ce ai na kusa sakinta in auro mai haƙora.

To yanzu ta yaya zan miƙa mata wannan kan? Bakin kakata ba ya riƙe magana. Abin da ta shafa da safe, kafin la'asar ya kai rijiya, kafin ranar kasuwa ya kai Kurfi. Sai na ɓullo da dabara. In na je, daga bakin ƙofa nake gaishe ta. Yau mura nake yi kada in shafa mata, gobe kaina ke ciwo. Takan miƙo hannu, ya tsaya a iska, ta mayar da shi kan cinyarta. Da abin ya yi yawa, sai ta daina miƙowa. Wata rana na yi sallama ta ce, "Ɗan makaranta ne? Sannu da zuwa." Ba Maigida, ba zagi. Goggota ta ja ni gefe ta ce tsohuwa tana cewa boko ya sa na fara ƙyamarta, wai warin hayaƙi take yi mini. Wannan ta fi maganar mai aski ciwo, amma duk da haka ban cire hular ba.

Ɗan wannan goggon tawa taubashina ne, sa'ana, shi ke kiwon shanun gidan. Tun muna yara aikinsa ke nan ya ga bayana, kuma al'ada ta ba shi dama. Shi ya kama ni ina alwalar magariba a bayan rumbu, na ɗaga hula da sauri zan yi shafar kai. Na jira dariya, ban ji ba. Ya tsuguna kusa da ni, fuskarsa har da tausayi.

"Tun yaushe wanga abu ya same ka?"

Na gaya masa. Na lissafa masa har albasar.

"Ku 'yan birni kun cika wahal da kanku," in ji shi. "Ka taɓa ganin maraƙi da sanƙo?"

Na ce ban taɓa ba.

"To mi kake tsammani ke sa masu gashi? Harshen uwa. Tun da aka haife shi take lasa tai. Gobe in an gama tatsa ka taho garke."

Ni da nake karanta kimiyya, ni ne na kwana ina juya maganar nan ina ganin akwai hankali a cikinta. Wanda gashinsa bai taɓa zuba ba ba zai gane ba. A lokacin ko cewa aka yi in shafa kashin kaza, tambayar da zan yi ita ce na zakara ko na kaza.

Da hantsi na same shi. Ya ce babbar saniya za ta iya kai mini ƙaho, gara mu fara da maraƙi. Ya jiƙa kanwa da gishiri a ƙoƙo. Na cire hulata, sabuwa, mai aikin hannu, wadda na yi sallah da ita, na kifa ta a kan turke. Ya shafe mini goshi da ruwan kanwar, ya goge hannunsa a jikin hular, ban kawo komai a raina ba. Na durƙusa a cikin kashin shanu, na miƙa wa ɗan maraƙi kai kamar yadda na ƙi miƙa wa kakata.

Harshen maraƙi ba abin wasa ba ne. Kamar dutsen goge kaushi yake. Lasa ta farko na ji hawaye, ta biyu na tabbata ɗan tsibirin nan nawa ya tafi. Na daure, ina cewa a raina magani ai dole ya yi zafi. Sai na ji wani irin sauti a bayana. Na waiwaya na ga taubashina kwance a ƙasa, ya riƙe ciki, dariya ta hana shi numfashi. Bayansa matan da suka gama tatsa sun tsaya da ƙoren nono a ka suna kallo. A gefe kuma wata jar karsana ta ɗaga kai tana tauna a natse, bakin hulata yana leƙowa daga gefen bakinta.

Na ɗauki sanda na bi shi. Ya zura cikin gida, ya nufi inda yake gudu tun muna yara in ya yi laifi, wato ɗakin Kaka. Ni kuma fushi ya mantar da ni komai. Na faɗa ɗakin a guje, ya kewaya bayanta, na yi tuntuɓe da bakin tabarma na zube a gabanta. Kafin in tashi hannunta ya sauka a kaina.

Ta shafa goshin, jiƙe da yawun maraƙi. Ta bi gefen dama da babban yatsa har inda gashin ya tsaya, ta dawo ta bi na hagu. Ta sake bi. Har ja'irin ya daina dariya. Na rufe ido ina jiran zagin da za a yi shekara ana maimaitawa a Barkiya.

"Wa ya ce ka ɓoye mani wanga?" Muryarta ta yi ƙasa.

Na ce kunya nake ji.

"Kan shi ne," ta ce. "Har inda ya lanƙwasa nan. Kan shi ne sak."

Babu wanda ya taɓa gaya mini kakana yana da sanƙo, don babu wanda ya sani sai ita. A daji malafa, a gida hula, aski kuma a bayan ɗaki. Babana kansa bai taɓa ganin tsakar kan ubansa ba, kuma mutumin bai yarda an ɗauke shi hoto ba har ya koma ga Allah. Ta ce da malafa ya zo zance, da malafa aka ɗaura aure, ita tana cewa kunya ce ta Fulani. "Sai da na tare na ga abin da aka saida mani. Na ce an cuce ni, an ba ni tsoho da fuskar yaro. Man shanun da na ɓata bisa kan nan nashi, da na kai kasuwa da na yi garke nawa."

Ta sunsuna tafin hannunta. "Mi nake ji haka? Kanwa?"

Taubashina ya ce, da 'yar murya, ai labarinta ne ya tuna, wanda take ba su suna yara, na wani wawa da ya ba maraƙi kansa ya lasa. Sai kuma ya zaro ido. Ya ce, "Kaka, halan wawan nan..."

"Kakanka ne, mara kunya. Tashi ka ba ni wuri."

Ya fita. Ni ba ta sake ni ba. Ta jawo kaina kan cinyarta, tana shafawa, tana zagin mutumin da ya mutu ya bar ta da shanu da yara, hawayenta yana ɗiga mini a kunne. Ta ce kada in ƙara shafa masa komai, ko albasa ko uwar albasa, ita ta daɗe tana jiran kan nan.

Ba zan ce daga ranar na daina jin haushin sanƙona ba. Ina ji har gobe, musamman in na ga babana yana taje suma. Labarin karsana kuma ya kai Kurfi kafin in kai, har yau akwai masu tambayata ko an biya ni hulata. Amma a Barkiya tun daga zaure nake cire hula.

A ciwonta na ƙarshe ta daina gane kowa. 'Ya'yanta suna miƙa mata kai tana turewa. Da na iso daga Dutsin-Ma, babana yana zaune a bakin gadon, ya matsa mini. Na durƙusa. Hannun ya yi nauyi, da ƙyar ya hau, amma babban yatsan ya sami hanyarsa, dama sannan hagu.

"Maigida," ta ce, "ka daɗe a daji. Shanun sun sha ruwa?"

Na ɗaga ido na ga babana ba ita yake kallo ba, kaina yake kallo. Na ce mata sun sha.