Gayyar Dalyop a Bayan Gidansu

Dalyop mutumin Vom ne, irin waɗanda ba sa iya ganin ciyawa ta cinye hanya su wuce. A unguwar Bronx ta ƙasar waje, inda yake zaune, motar kai marasa lafiya asibiti yake tuƙawa. Yana kai kowa inda zai je, amma matarsa Filomina, tun da ɓarin jikinta ya shanye, ba ta da wurin zuwa. Likita ya ce ta riƙa tattaki kullum, in ba haka ba ƙafar ta tafi ke nan. To, a ina? Ƙofar gidansu babban titi ne, tirela na bin tirela. Ta gwada sau ɗaya, ba ta ƙara ba.

Abin haushin, akwai kogi a bayan gidan, kuma an daɗe ana shimfiɗa hanyar masu tattaki da keke a bakinsa, wadda za ta haɗa Bronx da garuruwan da ke arewa da ita. An gama ta sama, an gama ta ƙasa. Guntun da ya rage shi ne daidai bayan gidansu, ba komai a wurin sai ƙaya da tsofaffin tayoyi.

Babu taron da Dalyop bai je ba kan maganar hanyar. Hukumomi uku ne ke da hannu a guntun. Wannan ta samo kuɗi, waccan ba ta sa hannu ba; kafin ta sa, wa'adin kuɗin ya wuce; ta ukun kuma ta ce sai an sake nazari. Jiran gawon shanu dai, ƙafar Filomina kuwa kullum ƙara ƙanƙancewa take yi.

Da abin ya ishe shi, sai ya yi irin ta gida: ya kira gayya a coci.

Maƙwabcinsa Muniru, ɗan Kumasi, ya ja shi gefe. "Massa, nan fa sai da permit, takardar izinin hukuma."

"Permit na share datti? Haba, Muniru!"

Ranar Asabar maza da mata suka fito da shebur da almakashin yankan reshe. Kafin yamma hanya ta buɗe. Filomina ta dogara sanda har bakin ruwa tana dariya, Dalyop ya juya baya don kada a ga hawayensa.

Sai wani ya sa hotunan gayyar a intanet. Hukumomin nan da suka shekara da shekaru ba su haɗa baki ba, cikin mako guda suka haɗa: wurin yana da haɗari, in ji su. Aka kafa sabon shingen waya, dogo, da ƙaton kwaɗo.

Da Dalyop ya dawo daga aiki ya ga shingen, ya daɗe a gindin bene kafin ya iya hawa. Ya tarar da Filomina zaune bakin gado, ta sa takalmi da kanta, abin da ta daɗe ba ta iya ba. Ta dubi fuskarsa, ta gane an rufe hanyar.

"Baban Yafet," ta ce a hankali, "zo ka cire mini. Sawa kawai na koya."