Ustad Nadir Jan da Sunan da Ke Gindin Buta

Kullum bayan sallar asuba Ustad Nadir Jan yakan sha shayin gishiri kofi ɗaya, ya gangaro kasuwa ya buɗe shagonsa. Abin da yake fara yi shi ne toshe haske. Ya rataya barguna biyu a taga, ya cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Sauran masu hoto rana suke nema, shi kuwa korarta yake yi. Sai ya ɗora abin da aka kawo masa a kan baƙin ƙyalle, ya kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ya bar idonta a buɗe. Da 'yar tocila yake shafa haske a jikin abin, a hankali, kamar mai shafa wa majinyaci magani. Shekara talatin da huɗu ke nan yana ɗaukar hoton tsofaffin kaya haka. Takubban kakanni, awarwaro, tasoshi, sirdin da dokinsa ya mutu tun ba a haife mu ba. A kasuwa Mujiya ake ce masa. 

Yanzu hannun ya fara rawa, ya ce ƙarshen watan nan zai sauke bargunan, ya rufe shagon. Ni ban iya yabo ba. Abin da na gani zan faɗa.

Shekara uku da suka wuce ƙanƙarar dutse ta fashe a saman kwarinmu, nan Chitral. Ruwanta ya gangaro da laka, ta binne gida goma sha tara. Da aka gama haƙo mutane aka koma haƙo kaya, aka tara su a filin makaranta, kowa ya zo ya nemi nasa. A nan mahaifiyata, Gulshad, ta ɗaga wata butar shayi ta tagulla, maƙwabcinmu Zarmast ya riƙe hannun butar. Matarsa Zaibun da 'ya'yansa uku sun tafi a lakar.

"Saki, Gulshad. Ta Zaibun ce."

"Haba Yaya Zarmast, ta gyatumata ce. Da ita aka kawo ni ɗaki."

"Gyatumarki? Wadda ko moɗar shan ruwanta ta aro ce? Kabari bai bushe ba kin fara kwasar kaya. Ɓarauniyar matattu!"

A gaban kowa ya faɗa, kuma kalmar ta manne. Mata suka daina tsayawa kusa da ita a layin gurasa. In ta wuce sai a jawo kwano kusa da ƙafa. Ta daina fita daga tantin da aka tsugunar da mu. Ta daina cin abinci.

A wajenmu maƙeri yakan zana sunan amarya a gindin tagullarta. Amma wannan an yi shekara sittin ana dirzarta da toka da yashi, gindin ya koma sumul. Liman ya duba da tabarau, bai ga komai ba. Da labari ya kai wa Ustad, hanya ta yanke, sai ya tako da ƙafa, kyamara a bayansa. Ya ce a ba shi ɗakin ajiyar makaranta, a toshe tagar, a shigo da masu rigimar. Na riƙo mahaifiyata muka shiga.

"Malam Mujiya, yanzu hoto ne alƙali?" in ji Zarmast.

"Zauna, Zarmast. Kada ka motsa, kada ka yi tari. Ka girgiza min tebur, daga farko za mu koma."

Bai haska gindin butar kai tsaye ba. Ya kwantar da tocilar ta gefe, dab da ƙarfen, yadda duk ɗan zanen da ya rage zai yi inuwarsa. Ya ja haske daga dama, ya ja daga hagu, ya sake. Sau goma sha ɗaya. Ina jin numfashin mahaifiyata a cikin duhun. Sannan ya juyo mana da hoton. Haruffa ne sirara kamar gashi: Mah Sultan. Kakata ke nan.

Ba wanda ya yi murna. Zarmast ya daɗe yana kallo. Ya ce, "To ta Zaibun fa, tana ina?" Ya sulale ya zauna a ƙasa.

Ustad, a nan aikinka ya ƙare. Da ka ɗaure kayanka ka tafi, ba mai ganin laifinka. Amma kai ne ka yi kwana tara a ɗakin nan, kana bin tarin tagulla ɗaya bayan ɗaya, idonka na ruwa. Kai ne ka fito rana ta tara da wani lanƙwasasshen ludayi mai sunan matar Zarmast, ka miƙa masa, ka ce, "Ga Zaibun. Iyakar abin da na samo ke nan." Kai ne ka bar shi ya gama kukansa, sannan ka ce, "Abin da baki ya ɓata a gaban jama'a, a gaban jama'a yake gyarawa."

Ranar Juma'a Zarmast ya tsaya a ƙofar masallaci, ludayin a hannunsa, ya ce ya yi wa Gulshad ƙazafi, a shaida. Da yamma mahaifiyata ta ci rabin gurasa.

Mun gode, mai haƙurin duhu. Ku kuma sa'o'ina masu ɗaukar hoto ɗari a minti ɗaya, har yau akwai tagulla fiye da arba'in da ba a san masu su ba. Wani ya je ya zauna a gaban dattijon nan ya koyi riƙon tocila. Wanda ba zai iya ba, ya koyi riƙe harshensa har sai an duba.

Ustad, mahaifiyata ba ta iya rubutu ba, don haka ta ba ni saƙo. Ta ce in gaya maka sunanka yana cikin addu'arta kowace sallah, bayan na gyatumarta, kafin nawa.