Takalman da suka rage a kwando

Riyad babu teku, amma a shagon masu nutso na yi aiki, a unguwar Malaz. Aikina cika tukwanen iskar da suke goyawa a baya, da wanke kayansu da ruwan daɗi idan sun dawo, don gishiri na cin roba. Ni ko kududdufi ban taɓa shiga ba. Kowace tukunya sai na duba ta, na sake dubawa, na shinshina iskar, har mai shagon yakan ce, "Khalas, ya Hajji, ba amarya ba ce, bar ta haka!"

Abokin ɗakina a unguwar Gubaira mutumin Damagaram ne, direban shagon. Shi yake kai su bakin teku can wajen Yanbu ranar Alhamis. Da zaman jira ya ishe shi sai ya koyi nutson shi ma.

"Malam matsoraci," yakan ce min, "kifaye na gaishe ka."

"Kai da a garinku da guga ake raba ruwa, me ya haɗa ka da teku?"

A wata tafiya an je da ni saboda ƙaramin injin iska. Ƙa'idarsu ba a shiga ruwa mutum ɗaya. Kowa da abokin shigarsa, wanda zai duba masa kaya ya kuma sa masa ido a ƙasa. Na abokin ɗakina wani likitan haƙori ne ɗan Masar. Kafin a hau jirgin ruwa kowa yakan cire takalminsa ya jefa a kwando.

Likitan ya fito shi kaɗai, yana dukan ruwa yana ihu. Duk mai sauran iska ya koma ciki. Masu tsaron teku suka zo suka nema. Da muka sauka gaɓa kowa ya ɗauki takalminsa, silifan abokina shuɗi ya rage. Na ɗauka na rasa inda zan ajiye shi.

Ni na kira mahaifiyarsa. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ɗana, kai ka gan shi? Ka ga gawarsa?"

"A'a, Inna."

"To kada wanda ya shimfiɗa min tabarma a ƙofar gida."

Ta san waɗanda aka ce sun mutu a sahara suka dawo. Haka gidan ya tsaya cak. Ba zaman makoki, ba sadaka, matarsa ba ta san ko ta shiga takaba ba. Yayansa ya dinga kirana. "Don Allah, Malam, ka ce mata ka gani, an yi masa sutura. Tsohuwar nan ta daina cin abinci." In ɗauki waya in ajiye. Yaya zan ce na ga abin da ban gani ba, a kan mamaci? In kuma na yi shiru ta mutu da yunwa, alhakin wa?

Ga wani abin da ya hana ni sukuni: ni na cika tukunyarsa. An duba injin an ce lafiyarsa lau, amma zuciyata ba ta yarda ba. Na ce wa mai shagon ya ba wani aikin. Washegari sai ga dattijon da ya koya musu nutso, Basa'udiye mai furfura, ya dire tukunyarsa a gabana. Sauran suka bi layi suka dire nasu, Larabawa da 'yan Filifin da wata Baturiya malamar asibiti.

"Za mu koma nemansa," in ji dattijon. "Kuma iskarka za mu shaƙa. Yalla, maza cika."

Na ja tukwanen na cika.

Mako bayan mako suka yi ta bin doguwar hanyar nan. Ina zaune a jirgi ina kallon kumfar numfashinsu, ina roƙon Allah ko da gaɓa ɗaya ce ta jikinsa. Wurin gangare ne mai zurfin da mutum ba ya kaiwa. Ba a samu komai ba.

Likitan bai sake zuwa ba, ba ya ma ɗaukar waya. Na gaya wa dattijon halin da Inna take ciki. Ya ce a wurinsu abokin shiga shi ne mai ba da labari, ba wani ba. Ranar Juma'a bayan an sauko ya kawo likitan Gubaira, tare da sauran. Ɗakinmu ya cika, takalma har kan matakala. Likitan ya rame, gemu ya rufe shi.

Na kira. Na ce, "Inna, ga wanda suka shiga tare. Zai faɗa da Larabci, ni zan mayar miki."

Ya faɗa, na mayar. Ya gan shi ya saki bututun iska daga bakinsa, jikinsa ya saki, idanunsa a buɗe ba sa ganin kowa. Ya mayar masa da bututun, bai ja ba. Ya riƙo shi, ruwa mai ja ya ƙwace shi. Ya bi shi ƙasa har tasa iskar ta kusa ƙarewa.

"Tambaye shi," in ji Inna, "ya sha wuya?"

Likitan ya rufe fuska. Ya ce bai sani ba.

Na so in gyara maganar. Ba mai jin Hausa a ɗakin sai ni. Na ce, "Inna, ya ce bai sani ba."

Sai na ji ta yi salati, ta kira yayansa daga nesa ta ce a fito da tabarmi. Sannan ta dawo kan wayar.

"Ka ce wa bawan Allahn nan ya ci abinci, na ji muryarsa. Kai kuma, me ya bari?"

"Takalmansa, Inna."

"Ka aiko min da su. Kada ka wanke."