"Da Sauƙi" Ɗin da Ya Ruɗe Ni

A lokacin ban daɗe da dawowa gida Gazawa ba, bayan shekaru ina fataucin albasa tsakanin Abijan da Kumasi. Ina jin Faransanci da Turanci da ɗan Larabcin da na tsinto a Makka, har maƙwabta kan kawo mini takardar magani in karanta musu. Sai na fara ɗaukar kaina rabin lokotoro, wato likita.

Wata ranar kasuwar Gangara uwargidana ta faɗo daga kan babur ɗin kabu-kabu, kanta ya bugu da ƙasa. Babu jini, ta ɗan suma ta farfaɗo, muka ce Allah ya tsare. Kashegari ciwon kai ya taso, ga jiri, ko hasken rana ba ta son gani. Maimakon in kai ta asibiti, na sayo ƙwayoyin ciwon kai wurin mai talla, na shiga ba ta safe, rana da yamma. Duk sanda na ce mata ya jiki, sai ta ce da sauƙi. A Abijan na saba marar lafiya ya zayyana maka ciwonsa dalla-dalla, don haka na ɗauka maganina ne ke aiki. Na manta a wurinmu ko mai gargara haka yake amsawa.

Mun kusa wata biyu a haka, sai na tarar da ita gaban murhu da gishiri a hannu, tana hawaye, ta kasa tuna ko ta zuba a miya. Ran nan muka tafi asibiti. Ma'aikaciyar jinyar ba ta ce ya jiki ba, sai ta tambaye ta kwana nawa a mako take tashi babu ciwo. Uwargida ta sunkuyar da kai ta ce ko ɗaya, ta yi shiru ne don kada ta kunyata ni. Ma'aikaciyar ta yi murmushi, ta ce Baba ya karanta takardar kwalin magani tsaf, amma bai tambayi mai kan ba. Ta bayyana mana cewa ƙwaƙwalwa ce ta girgiza, kuma shan ƙwaya kullum shi kansa yana dawo da ciwon kai. Aka dakatar da nawa, lokotoro ya rubuta mata wani da ƙa'ida, ya ce ta huta sosai.

Makon farko ta sha wuya, daga nan ciwon ya riƙa ja da baya. Yanzu ta koma kasuwarta.

'Yan'uwa, wanda ya bugu a ka ku kai shi asibiti tun ranar, kada ku ɗora shi kan ƙwayar talla. In naku ya ce da sauƙi kuma, ku gyara zama ku sake tambaya. Shekara arba'in muna tare, amma sai da baƙuwa ta koya mini yadda ake tambayar matata.