Ƙwayoyi Masu Rai Don Jatan Landen Ƙanena

Mun bar Jega bayan sallar asuba, ni da maƙwabciyata, muka nufi Aliero neman magani. Ƙanena da ke Maiyama ya haƙa tafki yana kiwon jatan lande, cuta ta shige su, ɓawonsu na baƙi suna mutuwa. Ya rantse in sun ƙare zai cike ramin ya tafi Kudu ci-rani. Shi kaɗai ya rage mini a ɗakinmu. Ban yarda ya tafi ba.

Direba ya ƙara kuɗin mota, na wanke shi tas, duk da haka sai da ya karɓa. Aliero na nan da warin albasarta, buhu kan buhu har bakin titi. Can wata malamar kiwon kifi ta ba ni wani gari a leda. Na karanta rubutun jikinsa da kaina, a hankali, don sai da na aurar da 'ya na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ta ce ƙwayoyi ne masu rai, masu amfani. In sun cika ruwa da cikin jatan lande, masu kawo cuta ba sa samun wurin zama. Nan take na tuna Inna, Allah ya jiƙanta. Ba ta kafa nono sai ta ɗiga na jiya a ciki, kuma nononta bai taɓa lalacewa ba.

Muka sake ratsa Jega muka miƙa. A kan gada na leƙa gulbin da muke kama jatan lande da kwando muna yara, mu gasa da gishiri, ƙanen nan nawa na goye a bayana. Ruwan ya janye ƙwarai.

Daga tashar Maiyama ɗan kabu-kabu ya kai mu gonar da tafkin yake. Na iske ƙanena yana ɓare kafso yana zazzagawa cikin tafkin.

"Yaya, wanga shi muka ba kaji in sun kamu."

"Aje shi. Shina kashe mugu da na kirki baki ɗai. Kaji ka gani nan ciki?"

Muka sauya ruwa, muka riƙa cuɗa garin da abincin jatan landen. Wasu sun ci gaba da mutuwa, ba zan ɓoye ba. Ana shiga wani mako sauran suka fara rububin abinci.

Na dawo Jega da ciwon baya da sanin cewa wata cutar ba kisa take so ba, cika mata wuri ake da na kirki. Jiya ya aiko a sayo masa wata ledar, wai zai haƙa tafki na biyu.