Laptop ɗin da aka ajiye a kan teburina

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba, har wasu sun ɗauka na koma Kano. Ina nan Croydon. Jinya na yi.

Aikina sauraren yara masu damuwa ne a wata sakandare, kuma ni kaɗai ce therapist ɗin makarantar. Wani na fita, wani na shigowa, wasu na jira a benci.

Da ciwon kai abin ya fara, sai rashin barci. Har ta kai ina kallon bakin yaro yana motsi amma ba na fahimtar abin da yake faɗa.

Wata safiya na kasa sauka daga tram, jirgin ƙasan cikin gari. Ƙafafuna suka ƙi, ƙirjina na dukan uku-uku. Wata mata ce ta kira ambulance.

A asibiti aka ɗebi jini, aka auna zuciya. Na sakankance ciwon zuciya ne, har na fara tunanin wa zai riƙe min 'yata. Likita ta ce zuciyar lafiya lau. "Gajiya ce ta cinye ki. Jikinki ya ce ya isa."

Aka ba ni hutu da magani. Albashi ya koma rabi, maigidana ya ƙara awannin aikinsa.

Makaranta ta rasa mai maye gurbina, sai ta ɗauko wani kamfani mai yin therapy ta intanet. Aka ajiye laptop a kan teburina, yaro ya zauna ya yi magana da wata mata daga nesa.

Wata malama ta zo dubiya, ta ce in kwantar da hankalina, yara suna son matar sosai. Wai har yarinyar nan da na yi shekara ina lallashi ta buɗe baki, yanzu ta fara magana.

Na ce Alhamdulillah. Tana fita na fashe da kuka.

Kishi ne tsagwaronsa. Na nemo hoton matar a shafin kamfanin, fuska fes, tana murmushi a falonta. Ni na zauna da yarinyar nan tana shiru ina shiru, ni na sha zagin babanta, wata kuma ta zo ta kwashi ladan. Har fatan network ya yanke musu na yi.

Da na gaya wa Yaya Hadiza a waya, ta ce, "So kike yarinyar ta ci gaba da yin shiru har ki warke?" Na kashe wayar.

Likita ta ce in ga therapist, amma layin masu jiran ganin ido da ido ya yi tsawo, don haka ni ma ta bidiyo aka duba ni. A kan gadona, da hijabin sallah, na faɗi abubuwan da ban taɓa gaya wa kowa ba. A hankali barci ya dawo.

Yanzu na koma aiki na rabin mako, mun raba yaran da matar. Aka tambayi yarinyar wa take so, ta zaɓi matar. Ta tare ni a barandar makaranta ta ce, "Sorry Miss, it's easier when she's not in the room." Wato in yi haƙuri, magana ta fi mata sauƙi in mai saurarenta ba ta cikin ɗakin.

Har yau abin na sukata. Amma yarinyar tana zuwa aji, har dariyarta na ji.

Na gode wa Allah, da maigidana, da Yaya, da matar tram da ban san sunanta ba.

Masu aikin kula da mutane, in barci ya ƙaurace muku, ku ga GP, wato likitanku, tun da wuri. Ku nemi a rage muku aiki a rubuce. In ta bidiyo aka samu, ku karɓa. Ni na jira sai da aka ɗauke ni a ambulance.