Yadda Na Mai da Malaminmu Ɗan Duba

Malam Edita, a zamanin da ake saran dajin hanyar jirgi ta wajen Gagarawa, ni yaro ne mai kiwon awaki a wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar, kuma duk unguwarmu ba wanda ya kai ni iya shirya zance. In akuyarmu ta ci dawar mutane, kafin mai gona ya iso na riga na ɗora wa ta maƙwabta. Ana haka aka aiko wa dagaci ya ba da yara biyu don makarantar boko da aka buɗe a Gumel. Masu ƙarfi suka ɓoye nasu har cikin rumbu. Babanmu ba shi da mai tsaya masa, sai aka kwashe ni da ƙanena, aka sauke mu wurin gwaggonmu mai sayar da fura a birni.

Ba wanda ya yarda da makarantar nan. Wasu na cewa yaran za a tura aikin jirgi, wasu na cewa raba su da salla za a yi. Malamin, wani siririn saurayi daga Kano, ba ya ba sabon shiga allo. Rairayi yake sa a baza a ƙarƙashin rumfa, ya zana baƙi da yatsa, mu kwaikwaya, ya duba, ya shafe da tafin hannu. Ƙanena kamar da abin aka haife shi, har a tokar murhun gwaggo yake zane. Ni kuwa in na zana nawa, malam kan daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko ƙadangare ne ya wuce. Yara su yi ta dariya, ƙanen nawa ma yana ciki. Wannan dariyar ce ta tsaya min a wuya.

Wata rana gwaggo na kirɓa fura, na matsa kusa da ita, na kwantar da murya, na tambaye ta ko ta taɓa ganin karatun da ake yi a ƙasa a shafe. Na ce karatun gaskiya a allo ake rubutawa, a wanke a sha. Wa ke zane a rairayi yana gyaɗa kai, in ba mai bugun ƙasa ba? Na ce mata duba malam yake yi, yana zaɓen yaran da Turawa za su tafi da su, kuma na lura ya fi daɗewa a kan zanen ƙanena. Ta ajiye taɓarya ta yi salati. Washegari ta lallaɓo makaranta ta leƙa ta ɓular zana, ba ta yi wa kowa sallama ba. Aka yi rashin sa'a, daidai lokacin malam ya dafa kan ƙanena yana gaya wa ajin cewa wannan yaro ba zai tsaya a Gumel ba, sai ya dangana da Kano, watakila ma ya wuce. Gwaggo ba ta jira ƙarshen zancen ba.

Ni lissafina shi ne a mai da mu gida mu biyu, in koma ga awakina. Babanmu da ya ji, ya ce tun da ƙaramin aka zaɓa, shi za a tserar. Aka ɗora shi a jaki ta Maigatari, aka tsallaka da shi wurin kawunmu a ƙasar Damagaram, yana kuka yana cewa bai gama baƙaƙen ba. Ni kuma baba ya dube ni ya ce ko ɗan duba ba abin da zai gani a kaina, in koma kada dagaci ya taso mana. Haka na koma rumfar nan ni kaɗai. Malam ya sha tambaya ta ina yaron, ina ce masa ciwon ido yake. Ya kan dube ni irin kallon wanda bai yarda ba, amma bai taɓa duka na a kan haka ba. Da ya gaji da ni ya sallame ni. Ɗan rubutun da kake gani ma sai da na yi furfura na tsinto shi a ajin yaƙi da jahilci.

Ƙanena ya girma ya zama dillalin raƙuma a kasuwar Maigatari. Abin da ya fi ci min rai, har ya koma ga Allah yana ganin ni na ceci ransa. Kowace salla sai ya kama hannuna a gaban 'ya'yansa ya ce su gode wa yaya, ba don shi ba da tuni an sayar da ubansu. Ni kuma in sunkuyar da kai, a ce kunya ce. Ko ɗaya cikin 'ya'yansa bai bari ya taka makaranta ba. Amma in muna hira a gindin bishiya, sai in ga yatsansa na zana baƙaƙen nan a ƙasa bai sani ba, ya zo daidai inda aka tsayar da shi ya tsaya, ya shafe. Sau nawa na buɗe baki in gaya masa, sai in ɓige da tambayar farashin raƙumi.

Na gane ƙarya ba ta tsayawa inda mai ita ya so ta tsaya. Tawa ta yini guda ce, ga shi ta cinye karatun gida guda. Iyaye, in yaro ya zo muku da labarin makaranta mai ban tsoro, ku fara tambayar yadda nasa karatun ke tafiya, sannan ku je ku yi wa malamin sallama ta ƙofa, kada ku leƙa ta zana. Ni dai bana na tara jikokin ƙanena na faɗa musu gaskiya. Babbansu ya ce ai kakansu ba ya ƙarya, kuma shi ya ce musu boko bugun ƙasa ne. Har yanzu ina kan lallashi. Ƙaryata sun yarda da ita, gaskiyar tawa ce suke wa kallon zargi.